Aka sauke giya daga sitiyari zuwa ƙasa, lamba ɗaya ta koma ribas: lamarin Chevrolet C10 ta 1969

A Amurka akwai mutanen da ba abin da ke ɗauke musu hankali kamar tsohuwar a-kori-kura, sai ka ga mutum ya je ya sayo wadda ta yi shekara da shekaru a yashe bayan gidan gona har ciyawa ta tsiro ta cikinta, ya jawo ta gida ya duƙufa a kanta duk Asabar da Lahadi har ta tashi. Cikin abubuwan da da dama daga cikinsu ke fara yi akwai sauke giya daga jikin sitiyari a mayar da ita ƙasa tsakanin direba da fasinja. To a wajen wannan aikin ne ake yawan cin karo da wata matsala mai ban dariya kuma mai ban tsoro. An gama ɗaure komai, an huda ƙasan mota, an kafa sabuwar sanda tana ta ƙyalli, mai mota ya shiga ya taka kuloci ya ja sanda inda ya san lamba ɗaya take, ya ɗaga ƙafa, mota ta zabura baya. In akwai bango a bayansa shikenan mai gyaran bodi ya samu na cefane. Bari mu ɗauki mota guda mu bi lamarin daki-daki.

Motar ita ce Chevrolet C10 ƙirar 1969, inji mai silinda shida a jere wanda suke ce wa 250, wajen lita 4.1 kenan, sai giyabos mai lamba uku da ribas irin na Saginaw, sunan wani gari ne a jihar Michigan. Jikinsa baƙin ƙarfe ne mai nauyi, yana da murfi a gefen direba mai ƙusa bakwai, kuma a jikin murfin nan liba biyu ne suka leƙo waje, ta gaba tana riƙe da lamba biyu da uku, ta baya tana riƙe da lamba ɗaya da ribas. Ƙirga ƙusoshin nan ba wasa ba ne fa, don tsohon giyabos ɗin da ya riga shi murfinsa ƙusa huɗu ne kuma lamba ɗayansa ba ta shiga sai mota ta tsaya cak, in ka sayi saitin sanda na wancan ka kawo wa wannan tun daga nan ka fara sayen wahala da kuɗinka.

Yadda motar ta fito daga kamfani, sandar giya na jikin sitiyari ne ta hannun dama. Ka jawo ta wajenka ka yi ƙasa da ita, lamba ɗaya. Ka jawo wajenka ka yi sama, ribas. Ka sake ta ta koma wajen dashbod ka yi sama, lamba biyu, ka sauko ƙasa, lamba uku. Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar Peugeot 404 ko 504 ta farko-farko mai giyar sitiyari ya san kamannin abin, illa dai su lamba huɗu gare su. Amurkawa sun fara kai giya sitiyari ne a ƙarshen shekarun 1930, Pontiac na cikin na farko a 1938, kuma babban dalili shi ne kujerar gaba doguwa ce ana so mutum uku su zauna ba sanda a tsakanin ƙafafun na tsakiya. A kan a-kori-kura tsarin ya daɗe sosai, har wajen 1986 da 1987 ana fitar da sababbi da shi.

To me ya sa mai wannan C10 ɗin zai cire? Dalilinsa ba na banza ba ne. A cikin bututun sitiyari akwai wani bututun, shi ne sandar ke juyawa, can ƙasa cikin bonet kuma akwai hannaye biyu, kowanne da rodinsa da ya sauka zuwa giyabos. Wani ɗan haƙori ne a jikin bututun ke zaɓar hannun da zai kama, ya kama na sama ko na ƙasa. Bayan shekara hamsin da ɗoriya haƙorin ya cinye, bushin sun narke, komai na lilo, sai ya zama in direba ya yi gaggawa daga ɗaya zuwa biyu, haƙorin ya zame daga hannun farko tun bai gama mayar da shi firi ba. Sanda tana yawo a hannunka, giyabos kuma yana nan a lamba ɗaya ya ƙi sakin kowa. Maganin a bakin titi sananne ne ga duk mai irin motar nan, ka kashe inji ka taka birkin ajiye mota ka buɗe bonet ka sa hannu ka jera hannayen nan biyu daidai da juna, ka dawo da baƙin mai har gwiwar hannu mutane na ta yi maka hon. In abin ya faru da mutum sau da yawa a tsakiyar gari ba sai an ba shi shawara ba.

Sai ya sayo saitin sandar ƙasa irin na kasuwa wanda aka yi don ya shiga motoci kala-kala, da faranti da rodi biyu da liba biyu da tarin washa da kilif a leda. Ya ɗaure farantin a wutsiyar giyabos, ya ɗora gindin sandar, ya cire tsofaffin rodi na sitiyari. Da ya zo kan liba biyun nan na jikin murfi sai ya ga ai tsofaffin lafiyarsu lau, ramin su ma ya yi daidai da bakin sabon rodi, me zai sa ya wahalar da kansa da notin da ya yi tsatsa, sai ya bar su yadda ya same su ya maƙala sababbin rodi a jiki. Ya gwada sanda inji a kashe, gaba ta shiga, baya ta shiga, hagu da dama duk tana faɗawa da ɗan ƙas mai daɗin ji. A idonsa aiki ya yi kyau.

Abin da ya samu da ya tayar da inji shi ne, hagu-baya inda ya kamata ɗaya take ribas ce, hagu-gaba inda ribas take nan ɗaya ta koma, dama-gaba uku, dama-baya biyu. Komai na nan, ba lambar da ta ɓata, amma an kifar da su sama a ƙasa.

Galibi zargin farko kan giyabos yake faɗawa, wai ko wani bakanike a baya ya buɗe shi ya mayar da haƙora a juye, ko kuma giyabos ɗin na wata mota ce daban. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Giyabos irin wannan bai san wani tsari na H ba sam, wato zanen hanyar sanda mai kama da harafin H, shi abin da ya sani zobba biyu ne a kan shaf, kowanne yana zamewa gaba ko baya ko ya tsaya tsakiya. Daga gaba zuwa baya jerin shi ne uku, biyu, ɗaya, ribas. Zoben gaba in ya matsa gaba ya haɗe shaf ɗin inji da na farfela kai tsaye, uku kenan, in ya ja baya ya kama biyu. Zoben baya in ya matsa gaba ɗaya, in ya ja baya ribas. Iyakar ilimin giyabos kenan. Wancan zanen da ke kan ƙululun sanda, wanda muke ɗauka kamar doka ce daga sama, a waje ake ƙera shi, rodi da liba ne ke yanke hukuncin ina kowace lamba za ta zauna.

Ka duba yadda motsi ke tafiya. Sandar ƙasa tana juyawa ne a kan wani fin, kamar dai hannun famfon burtsatse da in ka danna wannan gefen ƙasa ɗaya gefen ya ɗaga sama, to in ka tura kan sanda gaba gindinta baya yake yi, ya ja rodi baya, rodi ya ja bakin liba baya. Ita kuma liba a kan wani gajeren shaf take wanda ya ratsa murfi ya shiga ciki ya riƙe fok ɗin da ke tura zobe. In liba tana kallon gefen da aka tsara mata, jan ta baya zai kai zobe baya, ka samu biyu ko ribas a gaba, daidai da tsari. In kuwa tana kallon ɗaya gefen, wadda ya kamata ta kalli ƙasa tana kallon sama ko akasin haka, jan nan dai na baya zai juya shaf ɗin ta kishiyar hanya, zobe ya tafi gaba. Abin da ya ƙara sa kuskuren nan ke da sauƙin yi, ramin liba ba zagayayye ba ne, dogo ne mai lebur gefe biyu, don haka tana zama daram ko ta kalli sama ko ta kalli ƙasa, ba abin da zai ce maka ka yi ba daidai ba. Rodin sitiyari daga gaba suke saukowa ta sama, rodin sandar ƙasa daga baya suke zuwa, ba dole ba ne tsayuwar libar da ta dace da wancan ta dace da wannan. Mai motar nan bai taɓa liba ba, kuma rashin taɓawar ne ya kifar da tsarin.

Kyawun abin, yadda tsarin ya rikice shi da kansa ke nuna inda laifi yake, ba sai an sauke giyabos ba. In an kife sama a ƙasa gaba ɗaya irin na wannan motar, liba biyun ne duka a juye. In layi ɗaya ne kawai ya kife, misali ɗaya da ribas sun yi musaya amma biyu da uku na wurinsu, liba ɗaya ce. In kuwa hagu da dama ne suka yi musaya, ka samu biyu da uku a kusa da direba, ɗaya da ribas can gefe, to liba ba ruwansu, rodi ne aka sarƙe, na gaba aka kai baya na baya aka kawo gaba. Wanda ke son tabbatarwa ba tare da ya tayar da inji ba sai ya ɗaga bayan mota ya sa ta kan ƙafafun ƙarfe masu kyau, ba jak kaɗai ba don Allah, ya tare tayoyin gaba, ya cire fulogi don inji ya yi sauƙin juyawa, ya yi alama da alli a jikin farfela, wani ya riƙa juya inji da sifana ta notin fuli shi kuma yana kallo. Juyi ɗaya na inji farfela ta yi juyi ɗaya, uku ce. A irin Saginaw da aka fi samu a waɗannan motoci lamba ɗaya 2.85 ce, biyu kuma 1.68, wato inji zai yi juyi kusan uku kafin farfela ta yi ɗaya a lamba ɗaya. In farfela ta juya ta baya ba sai an gaya maka ba.

Akwai masu cewa a bar shi haka mana, ai ma ya fi, tunda yanzu ɗaya tana hagu-gaba kamar motocin zamani, mai mota zai saba. Ni dai ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Hannun duk wanda ya iya tuƙin mota mai lamba huɗu ko biyar ya riga ya haddace cewa daga ɗaya ana jawowa baya ne a miƙe a samu biyu, kuma a wannan motar abin da ke zaune a wannan gurbin ribas ce, ita kuwa ribas ba ta da zoben tagullar da ke daidaita gudu kafin haƙora su haɗu. Ranar da ɗansa ko maƙwabci ya ari motar, ko shi kansa ya shagala da waya, ƙarar da za a ji daga ƙarƙashin kujera ba mai daɗi ba ce, in an yi sa'a haƙora su gurje kawai, in ba a yi ba a samu gutsattsarin ƙarfe a cikin mai. Sayen wani ƙululu mai zanen da ya dace da kuskuren kuma gyaran gangar Auzinawa ne.

Gyaran na gaskiya bai kai rabin yini ba. A cire rodi biyun, a kwance tsofaffin liba, a sa waɗanda suka zo da saiti ta fuskar da takarda ta nuna. Wani lokacin da ka juya liba sai ka ga rodi na gogar bututun salansa ko wayar sifidomita, kuma wannan ne ma ke sa wasu juya ta da gangan tun farko don su kauce wa gogayyar, alhali abin yi shi ne a sauya wa rodi lanƙwasa ko a maƙala shi ta ɗaya fuskar libar. A kula da tsawon liba kuma, gajera tana rage tafiyar sanda amma tana ƙara mata tauri, doguwa sanda ta yi laushi amma tafiya ta yi nisa har ta iya dukan dashbod ko kujera kafin giya ta gama zama.

Sai saiti, kuma a nan ne yawanci ake ɓata aikin da aka fara da kyau. Duk saitin irin wannan sanda daga firi ake fara shi. Rodi a cire, ka sa hannu ka kai kowace liba tsakiya har ka ji ta faɗa gurbinta, ka juya farfela da hannu ka tabbata tana yawo sakaka. Sannan ka dawo kan gindin sanda, a ƙasansa akwai faranti-faranti da rodi ke kamawa, a jikinsu akwai rami da in sun jeru daidai yake zama a miƙe. A sandunan Hurst, wani kamfanin ƙera sandar giya na Amurka, ramin kwata ɗin inci ne, milimita 6.35, shi ya sa makanikan can ke zura bakin dirila mai wannan kaurin su bar shi a ciki. Yanzu giyabos na firi, sanda na firi an kulle ta, abin da ya rage shi ne rodi ya zo ya tarar da su a haka, ka riƙa juya maɓallin da ke kan zarensa, rabin juyi rabin juyi, har ya faɗa ramin liba da kansa ba ka ja liba ko kaɗan ta zo ta tarye shi ba. In ka ja ta ko da ɗan ƙanƙani ne ka cuci kanka, don sanda za ta riƙa maƙalewa wajen ƙetarawa daga layin hagu zuwa na dama, wato matsalar nan ta sitiyari da aka gudu sai ga ta ta biyo ka ƙasa. An sa bushin, an shafa giris, an danna kilif, a ƙarshe a zare bakin dirilar, in ya fito sumul ba gardama saiti ya yi, in sai da aka fizge shi a sake.

Wasu sandunan suna da ƙusa biyu gaba da baya masu tare sanda kada ta wuce iyaka. Ana sa giya ta zauna sosai tukuna, a murɗo ƙusar har ta taɓa sanda, sannan a ɗan sassauta ta baya a ɗaure notin. In aka matse ta da yawa giya ba ta gama shiga, sai ta riƙa fita da kanta in an ɗaga ƙafa daga totur, mutum ya yi ta zagin giyabos ba laifinsa. In kuma ba ta tare komai, duk ƙarfin hannun direba a kan fok na ciki yake ƙarewa.

Wani abin da nake ganin mai motar nan ya yi daidai tun farko shi ne da ya ɗaure gindin sanda a jikin giyabos ba a jikin bodi ko shasi ba. Inji na murɗawa a kan robobinsa duk lokacin da aka taka totur, giyabos na bin sa, in sanda na tsaye a wani wurin da ba ya motsi to tsawon da ka saita wa rodi a gareji ba shi ne a kan hanya ba. Motar Chevrolet Camaro ta 1967 da 1968 sandarta a kan ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin giyabos aka ɗaure ta, masu ita suka yi ta kukan tana cijewa in an ba mota wuta, a 1969 aka koma sandar Hurst mai ɗaure a wutsiyar giyabos. Kamfanin George Hurst na jihar Pennsylvania ya yi suna ne da wannan sana'ar, har Pontiac ta sa sandarsa a GTO ta 1964 tun daga masana'anta. Su giyabos masu lamba huɗu irin Muncie da aka yi daga 1963 zuwa 1974 rodi uku gare su, ribas tana da nata libar can a wutsiya daban da murfin gefe, don haka in saitin firi ya kauce a nan abin ya fi muni, ana iya samun ribas ba ta gama fita ba wata lambar ta shiga, mota ta kafe ba gaba ba baya.

Da aka juya liba aka saita firi, C10 ta dawo tsarinta, ribas hagu-gaba, ɗaya hagu-baya, biyu dama-gaba, uku dama-baya. Amma sauran ƙananan basussuka na nan da sauyin ya bari. Doguwar kujerar nan ta gaba tana tare sanda a ɗaya da uku in direba gajere ne ya matso da kujera, sai an nemo sanda mai lanƙwasa zuwa gaba. Fitilar ribas ta daina kamawa, don makunninta a jikin bututun sitiyari yake kuma yanzu ba abin da ke taɓa shi, sai an sa wani a jikin sabuwar sanda an ja masa waya. Tsofaffin hannayen nan biyu na cikin bonet kuma a cire ko a ɗaure su kada su riƙa kaɗawa kusa da shaf ɗin sitiyari. Ita wannan a-kori-kurar ta tsira daga wani ciwon kan guda, makullinta a dashbod yake. Ƙananan motocin General Motors daga 1969 makullinsu a sitiyari yake kuma sai giya na ribas yake fita, wanda ya sauke giya ƙasa a irin su ya manta da wannan sai ya iso gida ya kashe mota makulli ya ƙi zaruwa, dole sai ya juya tsohon bututun da hannu zuwa matsayin ribas ya ɗaure shi a nan.

In da ni aka tambaya tun kafin a sa dirila a ƙasan motar, zan ce a fara zare bututun sitiyari a duba haƙorin nan da bushin tukuna, sau da yawa ɗan walda da sababbin bushin da saitin firi irin wanda aka bayyana a sama ya isa giyar sitiyari ta dawo tana shiga da yatsa biyu, kujerar tsakiya na nan, ƙasan mota ba rami, kuma masu sayen tsofaffin motoci da dama sun fi son wadda ba a huda ba. Amma wanda ya riga ya huda, to kafin ya sauke mota daga kan ƙafafun ƙarfe ya bi lambobin huɗu ɗaya bayan ɗaya yana kallon allin da ke jikin farfela, sannan gwajin farko da inji a kunne ya yi shi a fili inda ba komai gaba ba komai baya.